Auna wutar sola da kare ta daga tsawa: amsa ga wata mai sana'ar ƙanƙara a Damagaram

"Assalamu alaikum, Malam. Ni mai sana'ar ƙanƙara da ruwan sanyi ce a unguwar Garin Malam, cikin Damagaram. Shekara biyu ke nan da aka haɗa mini sola: faranti shida masu wat 400 kowanne, batir huɗu na ruwa masu bolt 12 da amfa 200, da inbata guda. Ina kunna firiza biyu da fanka da ƙwayayen wuta. Abu biyu ne suka dame ni. Na farko, batiran ba sa kai asuba yanzu. Wanda ya haɗa mini ya ce farantan lafiya lau suke, wani mai gyara kuma ya ce na jabu aka sayar mini. Ta yaya zan san gaskiyar wutar da nake samu? Na biyu, a daminar bara inbatata ta ƙone daren wani hadari, alhali tsawa ba ta faɗa gidana ba. An ce in kafa ƙarfe a kan rufi. Shin wannan ya isa?"

Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya sa wa sana'a albarka. Idan na fahimce ki, kina neman hujjar da za ta raba gardamar masu gyaran nan biyu ba tare da kin dogara da bakin ɗayansu ba, sannan kina son sanin abin da ya kashe inbatar da kuma ko ƙarfen rufi zai hana a maimaita. Ban shiga gidanki ba, saboda haka lissafin da zan yi ya tsaya ne a kan adadin da kika rubuto. Sai dai irin wannan ƙorafi ya yawaita a hannuna tun bayan 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take ba ƙasarmu Nijar, mutane suka ruga sayen sola cikin gaggawa. A irin wannan ciniki, idan kuɗi ya gaza, abin aunawa da haɗin ƙasa, wato wayar da ke haɗa kayan da turken da aka binne a ƙasa, su ne farkon abin da ake sokewa daga lissafi, domin babu ɗayansu da yake kunna ƙwan fitila, kuma mai gida ba ya ganin rashinsu sai ranar da abu ya lalace.

Abin da ke rubuce a bayan faranti

Wat da wat-awa abu biyu ne. Wat shi ne ƙarfin zubar famfo a wannan daƙiƙar, wat-awa kuwa shi ne ruwan da ya taru a ganga zuwa faɗuwar rana. Mai ƙanƙara da abin da ya taru take aiki, don haka adadin da ya kamata ki sani shi ne kilowat-awa nawa farantanki suke tarawa a yini.

Wat 400 ɗin da aka buga a bayan faranti an auna shi ne a masana'anta, da haske mai ƙarfin wat 1000 a kan kowace murabba'in mita, jikin farantin kuma yana kan zafin digiri 25. Hasken muna da shi, sanyin ne ba mu da shi. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafin garin nan yake haura digiri 40 a inuwa, jikin farantin da ke kan rufin kwano yana kaiwa 65 ko fiye, kuma kowane digiri guda da ya ƙaru a kan 25 yana cinye kimanin kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa. Digiri 40 na ƙari ke nan sun tafi da kusan kashi 16 cikin ɗari, farantin wat 400 ya koma kusan 335 tun kafin a zo ga ƙurar hunturu da asarar waya da abin da na'urori suke ci. Saboda haka idan farantanki shida, masu jimillar wat 2400 a takarda, suka ba ki tsakanin 1700 da 1900 da tsakar rana mai haske, babu wanda ya cuce ki. A yini kuwa, ranar Damagaram tana daidai da kimanin awa shida na cikakken haske. 2400 sau shida ya ba da kilowat-awa 14 da ɗoriya a takarda, idan aka cire asara sai ya tsaya wajen 10. Wannan 10 ɗin ita ce ma'aunin da za ki riƙe.

Maganar jabu kuwa tana da gwaji mai arha wanda ko tela zai iya yi da tef ɗinsa. Farantai na zamani suna ba da kimanin wat 200 zuwa 220 a kowace murabba'in mita, don haka farantin wat 400 na gaskiya yana kusan murabba'in mita biyu, wato tsawo wajen mita 1.7 da faɗi wajen mita 1.1. Idan aka ninka tsawon naki da faɗinsa aka samu murabba'in mita ɗaya da rabi, to takardar da aka manna ta yi ƙarya, komai kyan bugunta. Na sha ganin ƙaramin faranti da babbar lamba a bayansa.

Inda ake aunawa

Wuri na farko shi ne tsakanin farantai da batir. Yawancin inbatocin da ke haɗe da na'urar caji, da kuma regilater irin na MPPT, wato na'urar da ke daidaita cajin batir daga farantai, suna nuna abin da aka tara a yini a kan allonsu. Ki sa yaro ya riƙa rubuta wannan adadi a littafi kowace magariba har mako biyu, tare da kalma ɗaya a kan yanayin ranar: garau, hazo ko gajimare. Amma akwai tarko a nan wanda ya sha sa mutane zargin faranti a banza. Da zarar batir ya cika, regilater yana rage jan wuta daga rufi, domin babu inda zai zuba ta, sai allon ya nuna adadi kaɗan alhali farantan suna iya ba da fiye. Batirin da ya mutu ma haka yake yi, kuma wannan ne ya fi ruɗa mutane: bolt ɗinsa yana hawa da wuri kamar ya cika, regilater ya ɗauka aiki ya ƙare tun hantsi. Don haka gwajin gaskiya ana yin sa ne tsakanin ƙarfe goma sha biyu da ɗaya na rana, firizojin biyu suna aiki, a ƙara musu wani kaya mai jan wuta kamar dutsen guga, sannan a karanta wat nawa ke saukowa.

Idan adadin ya gaza sosai, a wanke farantan washegari da sassafe, tun gilashin bai yi zafi ba, da ruwa zalla da tsumma mai laushi, a sake karantawa da tsakar rana. Bambancin da kika gani shi ne harajin da ƙura take karɓa a hannunki. Idan bayan wanki ma bai farfaɗo ba, sai mai gyara ya auna farantan ɗaya bayan ɗaya. A nan ki lura da abin da yake aunawa. Da yawa suna ɗora abin awo su nuna wa mai gida bolt, su ce ga shi lafiya, alhali faranti mai rauni ma yana nuna bolt kusan cikakke. Amfa ne yake tona asiri, kuma adadin da ya kamata a samu yana rubuce a bayan farantin a gaban haruffan Isc. Idan abin awonsa mai baki ne irin na maƙalawa a waya, to ya zama wanda yake karanta wutar batir, wato irin wutar da faranti da batir suke bayarwa, domin masu arha wutar gari kaɗai suke gani.

Wuri na biyu shi ne bakin batir, kuma a nan nake ganin ciwonki yake. Batir huɗu masu bolt 12 da amfa-awa 200 suna ɗauke da kilowat-awa 9.6 idan sababbi ne, amma batirin ruwa ba a cin fiye da rabinsa idan ana son ya daɗe, wato 4.8. Mu ƙaddara kowace firiza tana jan wat 150, kuma firizar da ake cika wa ruwan ɗumi kullum injinta kusan ba ya hutawa. Daga faɗuwar rana zuwa lokacin da farantai za su sake kama aiki awa 13 ne, firiza biyu sun ci 3.9. Ita kanta inbatar, ko ba a kunna komai ba, tana iya cin wat 40, wato wani rabin kilowat-awa a dare. Fanka da ƙwayaye su ɗauki ɗaya. Jimilla ta kai 5.4, ta haura 4.8. Idan wannan ƙiyasi ya yi kusa da gaskiya, tun daren farko ake kwasar batiran fiye da ƙima, ga kuma zafi, wanda yake raba kwanan batirin ruwa biyu a kan kowane digiri 10 da ya ƙaru a kan 25. Shekara biyu a irin wannan hali, a ɗakin da ba ya shan iska, ya isa ya gama da su ko da na kirki ne.

Abin da zai tabbatar da wannan ko ya ƙaryata shi wata ƙaramar na'ura ce mai ƙirga amfa, wadda ake ɗaura wa a kan wayar baƙin kan batir, duk wutar da ta shiga ko ta fita sai ta bi ta cikinta. Da ita za ki ga amfa-awa nawa suka shiga da rana, nawa suka fita kafin wuta ta ɗauke. Batirin da aka rubuta wa 200, idan ya faɗi bayan ya ba da 50, ya amsa tambayar da kansa. Kallon bolt kaɗai ba ya wadatarwa: batirin ruwa mai bolt 12 da ya huta yana nuna wajen 12.7 a cike, wajen 12.2 a rabi, amma sai an cire masa caji da kaya ya zauna awanni kafin adadin ya zama abin dogaro, na litiyom kuwa bolt ɗinsa kusan ba ya motsi har ya kusa ƙarewa. Wuri na uku mai sauƙi ne: ƙaramin kontar a bakin fitar inbata, ko irin wanda ake soka wa a soket a jona firiza a kansa kwana guda. Sau da yawa firiza ɗaya mai sakakken robar murfi ce take cin abincin biyu.

Idan aka tabbatar batiran ne, kada ki sayi sababbi ki mayar da su cikin halin da ya kashe na farko. Ki mayar da daskarar da ruwa aikin rana, a cika firiza da safe maimakon da yamma, a kashe ɗaya da dare idan ƙanƙarar ta kama, a kuma fitar da batiran zuwa wuri mai inuwa da iska.

Tsawar da ba ta faɗa gida ba

Kin ce tsawa ba ta faɗa gidanki ba, kuma na yarda, domin da ta faɗa da ba inbata kaɗai za ki yi jimami ba. Mafi yawan na'urorin da ake kawo mini bayan hadari, tsawar da ta kashe su can wani wuri ta sauka, a kan bishiya ko turken wuta ko dutse. Aradu guda tana ɗauke da wuta mai kimanin amfa dubu 30, wani lokaci fiye da haka nesa, kuma tana hawa ƙololuwarta cikin ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Wannan saurin ne yake haifar da bugun wuta mai dubban bolt a cikin duk wata doguwar waya da ke kusa, ko da babu abin da ya taɓa ta. Bugun yana da ƙofofi: wayoyin da suka sauko daga farantai, layin wutar gari idan an jona shi da inbatar, da wayar eriya ko ta tauraron ɗan'adam. Layin da ke tafe a sama kan turaka yana iya ɗauko bugun daga wata unguwa ya kawo shi har ɗakinki.

Ƙarfen da aka ce ki kafa, wanda ake dangantawa da Benjamin Franklin na Amurka tun wajen 1752, aikinsa ɗaya ne: ya karɓi tsawar da za ta sauka a kan ginin ya kai ta ƙasa ta hanyar da aka shirya mata. Ba ya tare bugun da ya shigo ta waya. Don haka amsar tambayarki ita ce bai isa ba, kuma da alama ba shi ne farkon abin da kike buƙata ba. Gidan ƙasa ko bene ɗaya a tsakiyar unguwa, wanda ke kewaye da bishiyoyi da gine-ginen da suka fi shi tsayi, bai kai haɗarin tankin ruwa ko farantan fanfon burtsatse da ke tsaye su kaɗai a fili ba. Sandar da aka kafa ba tare da kyakkyawar hanya zuwa ƙasa ba kuwa gara babu ita, domin ta kira baƙo ne ba ta tanadar masa masauki ba.

Ƙasar Damagaram da wahalarta

Duk kariya daga ƙasa take farawa, kuma a nan garinmu yake ba mu wuya. Wani gefe rairayi ne wanda yake bushewa ƙarau wata takwas a shekara, wani gefen kuma dutse ne irin waɗanda kowa yake gani a Birni da kewayenta, kuma dukansu ba sa karɓar wuta da sauƙi. Ƙa'idar duniya ta kariyar tsawa, IEC 62305, ta so jurewar haɗin ƙasa, wato yadda ƙasa take turje wa shigar wuta, wadda ake aunawa da om, ta kasance ƙasa da om 10. Turke guda mai mita ɗaya da rabi a busasshen rairayi ba kasafai yake kusantar wannan ba. Na taɓa auna wani a gidan da ke gindin dutse, ya haura om ɗari da yawa, da muka tona sai muka tarar wanda ya kafa shi ya ci karo da dutse, ya yanke rabin turken da zarto ya binne guntun.

Abin da nake yi shi ne turaka uku ko huɗu masu rufin jan ƙarfe, tazarar da ke tsakaninsu ta kai aƙalla tsawon turke guda, in da hali ninkinsa, a haɗa su da tsirarar wayar jan ƙarfe a cikin rami mai zurfin rabin mita ko fiye. Inda dutse ya hana turke shiga, doguwar waya kwance a rami ta fi amfani. A zaɓi wuri mai riƙe danshi, kamar inda indararo yake zuba, amma a nisanci ƙofar ɗaki da wurin alwala, domin a lokacin da tsawa take shiga ƙasa, wanda ke tsaye kusa da turken ba takalmi yana iya jin bugun ta ƙafafunsa. Gishiri da gawayi da aka saba zubawa suna sauke adadin a ranar awo, amma gishirin yana narkewa ya tafi da ruwan damina, kafin ya tafi kuma yana cin ƙarfen. Ni na fi son a ƙara turke, a cika ramin da laka ko yumɓun bentonayit da masu haƙar burtsatse suke aiki da shi. Awo kuwa a yi shi a Maris ko Afrilu da na'ura mai turaka uku, domin hadarin farko yana zuwa ne ƙasa tana bushe, adadin watan Agusta kuwa kowa yana cin jarrabawarsa.

Da wannan haɗin ƙasa guda ɗaya za a ɗaure komai: firam ɗin kowane faranti, ƙarafan da suka ɗauke su, jikin inbata, da sandar tsawa idan an kafa ta. Wasu suna ware wa sanda nata turke, inbata nata, suna ganin hikima ce, alhali a lokacin bugu ɗayan yana hawa dubban bolt sama da ɗayan, wutar kuma ta nemi hanyar tsallakawa ta cikin na'urorin. Wayar ɗaure firam kada ta gaza murabba'in milimita 6, wadda za ta sauko daga sanda kuwa 50, miƙe, ba lanƙwasa mai kaifi. Inda jan ƙarfe zai haɗu da alminiyom ɗin firam a sa maɗaurin da aka yi don haka, in ba haka ba tsatsa za ta raba su a ɓoye.

Masu tare bugu

Na'urar da take tsaron ƙofofin waya ita ce wadda ake nema a shago da sunan farafudur. Tana zaune shiru, idan bolt ya haura iyakarta sai ta buɗe hanya zuwa ƙasa. Kina buƙatar biyu aƙalla: ɗaya a kan wayoyin farantai dab da inbata, ɗaya a kan shigowar wutar gari bayan kontar ɗin Nigelec, kamfanin wutar lantarki na Nijar. Ba a musanya su. Ta farantai dole ta zama ta wutar batir, mai iyakar da ta ɗara jimillar bolt ɗin farantan da aka jera da kimanin kashi 20 cikin ɗari, domin da sanyin asubar hunturu bolt ɗinsu yana hawa. Farafudur aji-aji ce: ga gidan da ba shi da sandar tsawa, aji na biyu ya wadatar. Idan an kafa sanda, shigowar wutar gari tana son aji na ɗaya, haka ma gefen farantai idan sandar tana haɗe da ƙarafansu. Idan nisan farantai da inbata ya haura mita 10, a ƙara wata a can kusa da farantan.

Kuskuren da na fi gani shi ne tsawon waya. Wayoyin da suka haɗa farafudur da layi da kuma ƙasa kada jimillarsu ta wuce santimita 50, domin a irin saurin tsawa kowace mita ta waya tana ƙara bolt ɗari-ɗari har dubu a kan abin da zai isa inbata. Haka nan jar waya da baƙa da ke saukowa daga rufi su tafi manne da juna, tare da wayar ƙasa. Idan ɗaya ta bi gabas ɗaya ta bi yamma, filin da ke tsakaninsu ya zama raga mai kama bugu. Wannan gyara ko dala ba ya ci, sai igiyar ɗauri. Farafudur kuma tana tsufa: tana da ɗan taga mai launin kore, idan ya koma ja ta mutu a bakin aiki, sai a canja ta. A duba shi bayan kowane babban hadari.

Duk da haka, babu tsarin da zan iya yi miki rantsuwa a kansa idan aradu ta sauka kai tsaye a kan farantai. Shi ya sa nake ba masu gida shawarar da ba ta buƙatar saye. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, kuma yakan aiko da iska da ƙura kafin ya iso. Sauti yana cin kilomita guda a cikin daƙiƙa uku, saboda haka idan tsakanin walƙiya da ƙararta bai kai daƙiƙa 30 ba, tsawar tana cikin kilomita 10 daga gare ki. Tun kafin a kai haka a kashe makunnin farantai da na wutar gari, a zare filogin wutar garin gaba ɗaya idan tsarin ya ba da dama, a bar firizojin a kan batir. Kada kowa ya hau rufi, kada kuma a zare mahaɗan wayar farantai da hannu alhali suna ɗauke da wuta.

Akwai wani abu da ya haɗa tambayoyinki biyu wanda nake so mai gyaranki ya duba kafin komai. A bayan kowane faranti akwai ɗan akwati mai ɗauke da ƙananan diyod, galibi uku, kuma bugun da ya isa ya ƙone inbata yana iya ƙone su. Diyod guda idan ta narke ta haɗe, sulusin farantin ya daina ba da wuta, gilashin kuma yana nan garau ba tabo. Alamarta ita ce bolt ɗin wannan farantin zai gaza na ƴan'uwansa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Idan batiranki sun fara gazawa ne bayan daren da inbatar ta ƙone, ki gaya masa wannan tun kafin ya hau rufin, ya kuma rubuta miki bolt da amfa na kowane faranti a littafin nan naki, da kwanan wata.